Tayin da Hajiya Ta Amsa

Ko tsufa ya kai ni inda zan riƙa neman tabarau alhali yana kan hancina, ba na jin zan manta ranar da na yi tayi aka amsa. Wani zai ce mene ne abin mamaki a ciki? Bahaushe dai ya gane. A wajenmu idan ka tarar da mutum yana cin abinci ya ce maka bismillah, abin da yake jira daga bakinka shi ne alhamdu lillahi, ko da cikinka yana kiran ciroma. Idan zai yi tafiya ya ce zo mu je, sai ka ce Allah ya kiyaye hanya, a yo mana tsaraba. Haka na tashi na gani a Kano, haka na ɗauko abina na kawo garin Greensboro a nan ƙasar Turawa, ban taɓa tambayar kaina dalilin da ya sa muke yi ba.

A shekarar da nake magana, mun yanke shawarar yin hutu irin na mutanen ƙasar nan. Duk shekarun baya hutunmu iri ɗaya ne, a cika akwatuna a tafi gida, a yi ta zaga dangi, a dawo an fi da gajiya. Babbar 'yata, wadda lokacin ta kusa gama sakandare, ita ta ce tana so idan an koma makaranta ana labarin inda aka je ita ma ta sami abin faɗa. Babanta ya ce to ta tsara mu gani. Ashe kamar jira take. Ta binciko wani ɗan gari a bakin teku can jihar Maine, a gefen wani babban gandun daji na gwamnati, tafiyar kwana biyu a mota. Ta shimfiɗa taswira ta cinye teburin cin abinci, muka koma cin tuwo a falo. Yau hawan dutse, gobe tseren keke a cikin daji, jibi wani ɗan kwalekwale da mutum ke tuƙa kansa. Na ce mata wannan ai horon soja ne aka sa masa sunan hutu. Amma a raina daɗi nake ji, domin yarinyar da ta saba shigewa ɗaki da waya ta rufo ƙofa, ga ta yanzu tana bi na har kicin tana nuna mini hotuna.

Abin da ya fi ɗaure mini kai a cikin tsarin nata shi ne wani tsibiri da ta ce da ƙafa ake zuwa. Wai teku yakan janye ya bar hanya ta tsakuwa, mutane su taka su haye, bayan wani lokaci ya dawo ya rufe ta ruf. Na ce, "To ina ruwan yake zuwa?" Ta ce wata ne yake jan sa. Na ce wane watan, wannan dai da muke leƙe da azumi? Ta yi ta dariya har da riƙe ciki, ni kuwa na ƙudurta sai na gani da idona.

Ana cikin haka wata Juma'a, bayan an idar da salla, na haɗu da wata dattijuwa a harabar masallaci. 'Yar Maraɗi ce, kowa Hajiya yake ce mata. Ɗanta ne ya kawo ta ta zauna da su a unguwar Pleasant Garden, shi direban babbar mota ne da kan yi kwanaki a hanya, matarsa kuma tana aiki a wani katafaren sito a kan titin Wendover. Mukan gaisa da ita duk ranar da aka samu wanda ya kawo ta. Muka yi gaisuwarmu mai tsawo, na ba ta labarin tafiyar da yara suka ɗauko mana, sai bakina ya yi abin da ya saba. Na ce, "Hajiya, ki zo mu je mana." Ta dube ni ta ce, "To, ɗiyata. Yaushe ne tahiyar?" Na yi dariya ina jira ita ma ta yi, ba ta yi ba. Ta ce za ta shaida wa ɗanta da zarar ya dawo.

Da na kai labarin gida, maigidana ya yi dariya har ya ƙware. Ya ce shekara da shekaru ina rabon tayi kamar goro, yau na gamu da mai karɓa. 'Yata kuwa ko murmushi ba ta yi ba. Gidan da ta kama mana ɗaki biyu ne, ɗaya namu, ɗaya nata da ƙanwarta. Kuma wa zai bar tsohuwa ita kaɗai a baƙon wuri ya tafi hawan dutse? Ta ce, "Umma, why would you say it? Me ya sa za ki faɗa idan ba ki nufa ba?" Na ce ai haka ake yi. Ta ce, "To ita me ya sa ba ta san haka ake yi ba?" Ta naɗe taswirarta ta shige ɗaki ta rufo ƙofa, ƙarar ƙofar nan ta taɓa mini zuciya.

Tambayar tata ta hana ni sakat. Matar nan ta haife ni, Bahaushiya ce gaba da baya, ta fi ni sanin tayi nesa ba kusa ba. Na ce ko mutanen Nijar nasu tsarin daban ne? Maigidana ya ce ina, ya zauna da su, sai ka yi musu tayi sau uku kafin su taɓa ko ruwa. Na ce ko ba ta ji ni da kyau ba ne? To ai ta tambayi ranar tafiya. Ko tsufa ne ya fara taɓa ta? Matar da ta san sunan 'ya'yan kowa a masallaci. Duk inda na juya abin, ya ƙi zama.

Bahaushiya dai ba ta janye tayi, wannan abin kunya ne da zai bi ta har jikoki. Abin da take yi shi ne ta kwatanta wahalar abin, ta ƙara masa gishiri, har mutum ya janye da kansa kowa ya tsira da mutuncinsa. Da wannan dabarar na kama hanyar Pleasant Garden ranar wata Talata da hantsi. Ban taɓa zuwa unguwar da rana ba. Gidaje manya-manya, kowanne can nesa da ɗan'uwansa, ciyawa kore shar an aske ta, amma babu mutum ko ɗaya a waje. Babu kanti, babu mai talla, babu ko yaron da za ka tambaya kwatance. Kafin na ƙwanƙwasa ta buɗe ƙofa, ashe tana zaune a bakin taga ta hango motata.

Ta dama mini fura da yogot ɗin kanti, muka zauna, na fara aikina. Na ce Hajiya, tafiyar fa kwana biyu ce cur a zaune a mota. Ta ce madalla, ashe za ta ga ƙasa. Na ce garin akwai sanyi ko da rani, ruwan kuwa kamar ƙanƙara. Ta ce tana da rigar sanyin da aka saya mata ba ta taɓa samun inda za ta sa ba. Na ce abincinsu wata halitta ce mai ƙahonni da hannuwa kamar ƙatuwar kunama, da ranta ake jefa ta a tukunya. Ta matso ta ce, "Kunamar ruwa? Tana harbi?" Na ce duwatsu za a hau. Ta ce ita sai ta tsaya daga ƙasa ta riƙe mana takalma. Da na ga duk sun ƙare, na ɗauko babban makamina, na ce akwai inda ake takawa a tsakiyar teku, idan mutum ya yi jinkiri ruwa ya dawo ya rufe hanya. Idonta ya yi haske. Ta ce, "Ikon Allah. To ina ruwan shike zuwa?" Na tsinci kaina ina yi mata bayanin wata da hannu biyu, na ma manta abin da ya kawo ni.

Can sai ta ɗauki kofin da na sha fura ta riƙe a cinya, ta ce, "Ɗiyata, kin gama? Na san abin da ya kawo ki." Na buɗe baki zan yi rantsuwa, ta ɗaga mini hannu.

Ta ce, "Na san tayin baki ne kika yi mani. Ni ma na yi ma mutane irinsa ya hi a ƙirga. A Maraɗi kahin azahar an yi mani tayi goma, wannan ta ce mu je biki, waccan ta ce mu je kasuwa, ga mai tuwo tana kira. In na ce a'a ban yi asarar komi ba, na san wani na nan tahe. Nan kuwa tun da na zo, babu wanda ya ce mani zo mu je, in ba lopital wajen likita ba. Yaran nan suna ƙoƙari, aiki ne ya yi masu yawa. Da na ji naki, sai na ce in na sake shi ban san ranar da wani zai zo ba. Amma in vakans ɗinku, hutun nan naku, zai ɓaci saboda ni, ki hwaɗa mani, wallahi ba ni jin haushi."

Ban san lokacin da hawaye ya cika mini ido ba. Tausayinta ya kama ni, kunya ta kama ni, na rasa inda zan sa fuskata. Abin da ya fito daga bakina shi ne, "Hajiya, lamba nawa kike sawa a takalmi? Silifas ba zai yi miki a kan tsakuwa ba."

Da na koma gida na zaunar da 'yata na maimaita mata maganar Hajiya kalma da kalma, inda Hausar ta yi mata nauyi na fassara. Washegari na tarar taswira ta dawo kan tebur, tana neman hanyoyin da babu hawa a cikinsu da wuraren da ke da benci. Ba a fasa dutse ba, ba a fasa keke ba, sai dai aka yi karɓa-karɓa. Ranar da suka hau dutse da babansu, ni da Hajiya muka wuni a bakin tashar jiragen masunta, tana tambayar kowane abu sunansa, ni ma da ban sani ba ina ƙirƙira.

Ranar tsibiri kuwa 'yata ce ta riƙe mata hannu. Ga Hajiya da atamfa da mayafi da farin kambas, tana taka ƙasan teku a hankali, tana tsayawa ta ɗaga wata ciyawa mai santsi ta shinshina, ta dangwali ruwa ta lasa ta ce lallai ba a yi rowar gishiri ba. Yarinyar tana yi mata bayani da gurguwar Hausarta, ita kuma tana gyara mata. Da muka dawo ta ce ba za ta tashi ba sai ta ga dawowar ruwan. Muka zauna a kan wani dutse mu biyar, muna kallo ruwa yana lallaɓowa ta dama da hagu har hanyar da muka taka ta ɓace. Hajiya ta daɗe tana tasbihi, sannan ta ce yau ta samu labarin da za ta kai gida.

Ta kuwa kai shi, domin shekarar da ta biyo ta koma Maraɗi. Har yanzu ban daina tayi ba, jinina ne. Sai dai abin da na koya shi ne, ƙin amsa tayi gata ne na wanda yake cikin mutanensa, wanda ya san gobe ma za a kira shi. A ƙasar da kowa ke cikin motarsa gilashi a rufe, akwai masu cewa a dawo lafiya alhali zuciyarsu ta riga ta shiga motar. Shi ya sa yanzu idan na ce wa tsohuwa zo mu je ta ce mini a'a, ba na wucewa. Nakan tsaya in dubi fuskarta, in ce ranar Asabar zan zo in ɗauke ki, ki shirya.