Ranar da Baba Ya Ƙi Cire Sale

Kaka ce, ta shekarar da ma'aikatan gwamnati suka karɓi ariyas na ƙarin albashi. An yanke gero, ana cirar gyaɗa, ruwan kogi ya fara ja da baya. Bayan farin da aka sha a shekarun baya, wannan shekara ta zo wa mutanen Wudil kamar an buɗe rumbu. Duk gidan da ka leƙa da sabon abu, wannan rediyo mai jakar fata, wancan babur, wani ya sauke jinka ya ɗora kwano. Har samarin unguwarmu da suka saba buga ƙwallo ba takalmi suka wayi gari da but da jesi, kyautar Alhaji Bala ɗan kwangila. A wata Asabar ta wannan kaka na ɗora bokitin ruwa a ka, na riƙe tiren yankakken lemo, na bi bayan Baba zuwa filin firamare inda za mu kara da samarin Darki. Ina da shekara goma sha ɗaya ko kusa da haka.

Baba tela ne, mai aikin babbar riga da allura. Da ƙuruciya ya buga ƙwallo a Kano lokacin da yake koyon ɗinki, shi ya sa samari suka ɗauke shi kocinsu. Ni ce 'yarsa ta fari, kuma wanda ya tashi a zamaninmu ya san abin da wannan ke nufi. Sunana Zulai, amma ban taɓa jin sunan nan a bakinsa ba. In yana son ruwa sai ya dubi bango ya ce, "A kawo ruwa." In kaji suka yi dare a waje sai ya ce wa Inna, "Ce wa yarinyar nan ta rufe akurki," alhali ga ni tsaye kusa da shi. Ni ke share tsakar gida da asuba, ni ke surfe, ni ke yankar wa awaki ciyawa, ni ke kai jesin samari kogi in wanke in shanya a kan yashi, yayin da ƙawayena ke carabke a inuwa. Ƙannena kuwa a cinyarsa suke cin tuwo. Da na kai kuka wurin kakata Iya, dariya ta yi. "Ke kuwa, abin da aka fi so ai shi ake rufewa da faifai." Ni dai a lokacin ban ga so ba, faifan kawai na gani.

To, a fili wani mutum ne daban. Wannan bakin da ke kulle a gida, can sai ya buɗe. Ya san sunan kowa, da sunan ubansa, da ƙafar da ke masa ciwo. Ba don ƙwallo nake roƙon Inna ta bar ni in kai ruwan ba, har yau ban gane abin da ake cewa satar fage ba. Hutun rabin lokaci nake jira, don a nan ne kawai nake jin yadda muryar Baba take idan ta yi laushi. Ina ji, ina jin zafi, kuma ba na iya barin zuwa.

Ran nan kafin a tafi hutu an zura mana biyu, duka kuma ta hannun Sale gola. Sale ɗan masunta ne, dogo, maraya, bai wuce sha bakwai ba. Ta farko ta bi ta tsakanin ƙafafunsa, ta biyu ya kama ta suɓuce. Fili ya ɗauka, "A cire Sale! A mai da shi kwalekwale!" Can gefe kocin Darki, duk da su ke kan gaba, yana ta daka tsawa yana jan kunnen wani yaro. Baba kuwa ya tattara nasa a gindin tsamiya, ya sa suka juya wa 'yan kallo baya, suka zauna a ƙasa. Ya cire hularsa ya ajiye a gwiwa, ya tsuguna. Bai ambaci ci ba ko sau ɗaya. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya, a hankali kamar yana saka zare a allura. "Garba, ka daina kallon ƙafarka, tana nan ba ta gudu ba. Dubi Audu." Aka yi 'yar dariya. Ni ina zagayawa da moɗa, kowa ya sha ya miƙo ba tare da ya dube ni ba. Da ya zo kan Sale, yaron ya kifa kai a gwiwa yana kuka. Baba ya ɗago haɓarsa, ya goge masa fuska da hannun rigarsa, rigar da ni na wanke, ya ce, "Sale, ɗana, tashi. Ba wanda zai tsaya a ragar nan sai kai."

Ɗana. Sai da ruwan moɗa ya zube mini a ƙafa. Allah ya sani, da na dubi Sale a lokacin, da majinarsa da dogon wuyansa, ji na yi ba wanda ya kai shi arziki a duk Wudil, har da Alhaji Bala da sabuwar motarsa.

Aka koma, samarinmu suka tashi kamar an canja su. Garba ya ba Audu ya farke ɗaya, can aka sake farke ta biyu, fili ya kaure, wani tsoho har ya jefa sandarsa sama. Sale ya tare ƙwallaye masu wuya. Ana dab da tashi sai wata sassauƙa ta zo, ya fito ya kama iska. Uku da biyu. 'Yan Darki suka hau akori-kurarsu suna mana waƙa.

Bayan sallar magariba zaurenmu ya cika. Ina bayan zana ina tsince gyaɗa, ina jin komai. Alhaji Bala ne ya fara, ya dubi Baba. "Malam Ado, ni fa but na saya, ba zanin goyo ba. An ci ka biyu, ka zauna kana lallashi kamar mai jego? Shugaba ai tsoronsa ake ji!" Kawu Isa, wani tsohon masunci, ya ce, "Alhaji, kai ka taɓa shiga kwalekwale yana shan ruwa? Ka yi ihu ka gani, kowa tsalle zai yi. Biyun da aka farke, ihunka ne ya farke su?" Wani daga ƙofa ya ce, "To ta ukun fa, Kawu, lallashin ne ya tare ta?" Aka bushe da dariya. Wani ya ce na Darki mari yake yi kuma ga shi ya ci. Wani ya ce na Darki ai rabin yaransa sun gudu Kausani saboda marin. Mai shayin bakin tasha ya rantse da shi ne, da takalmi zai bi Sale har gida. Aka ce masa shi da ko langa bai iya ba. Haka aka yi ta ja, murya kan murya, kowa ya zama koci. Daga ƙarshe Alhaji ya ce akwai wani sabon malamin wasanni da aka turo, mai usur da gajeren wando, ya yi kwas. Ko dai Baba ya ajiye Sale, ko ya ajiye kulob. Baba ya ce, "Yaron da ya faɗi a gaban gari, in na cire shi a gaban gari, na binne shi. Ku ba wa malamin kulob ɗin." Iyakar abin da ya faɗa ke nan.

Ni a bayan zana daɗi na ji, ba zan ɓoye ba. Na ce shi ke nan, ba sauran Garba, ba Audu, ba Sale. Muryar nan yanzu ba ta da wurin zuwa sai gida. Na yi sauri na kai masa tuwo, na durƙusa, na ɗan jima ban tashi ba. Ya dubi bango ya ce, "A ɗauke." Ƙanena ya zo zai hau cinyarsa, ya sauke shi a hankali. Ya zauna da allura a hannu ba ya ɗinki. A nan na gane lissafina bai fita ba. Muryar ba gida za ta dawo ba, ɓacewa za ta yi, kuma ɗan abin da nake tsinta a gindin tsamiya shi ma ya tafi.

Yanzu 'ya'yana da jikokina su ma haka suke cika mini tsakar gida da gardama, sai dai a kan kocin Turai ne da ba su taɓa shan ruwa moɗa ɗaya da shi ba. Wannan ya ce ya iya magana, wancan ya ce a kore shi, duk daga waya. Kunyar ɗan fari ma ta yi sauƙi. Ni nawa, tun yana zanin goyo nake kiransa da sunansa, surukata tana salati. Da na shiga ajin yaƙi da jahilci ina da 'ya'ya biyar, malama ta ce kowa ta rubuta sunanta, na daɗe ina kallon nawa a kan allo. Baba ya rasu bai faɗe shi ba, Allah ya jiƙansa. Na daina riƙe shi da wannan tuntuni, abin da ya tarar ke nan. Amma har yau in na ji namiji ya sassauta murya yana magana da yaron da ya yi kuskure, sai in tsaya da abin da nake yi.

Washegarin ranar wasan nan da Darki ban jira na gama shara ba. Na jingine tsintsiya, na bi hanyar bakin kogi har unguwar masunta. Na tarar da Sale yana gyaran koma, idonsa a kumbure. Ban gaishe shi ba. Na ce, "Baba bai ci abinci ba jiya. Ka zo." Ya biyo ni, ni a gaba shi a baya. Da muka iso na nuna masa zaure, ni kuma na zagaya bayan zana na tsuguna. Na ji sallamarsa, sai na ji Baba ya ce, "Sale, kai ne? Shigo, ɗana." Na kafa kunne a jikin zanan, na saurara har suka gama.