Man Gyaɗa a Hancin Mota

Ban taɓa mantawa da ranar da na yi allurata ta farko ba, domin ba mutum na yi wa ba. Ku da kuka kama aiki bana kuna ƙorafin ina takura muku da tambaya guda a gaban kowane majiyyaci. To, ga inda na samo ta.

Wajen ƙarshen shekarun casa'in ne, ina ɗaliba a makarantar koyon aikin lafiya, aka tura ni wani ƙaramin asibiti a Karaye domin sanin makamar aiki. Ɗaliba ita ce ƙasan kowa. Ita ke wanke kwanon allura, ita ke riƙe jariri, ita ake aike. Ni kuma ga kunya, ko sunana aka tambaya sai na duba ƙasa kafin in faɗa. Allura kuwa, lemon zaƙi kawai na taɓa tsirawa a aji.

Shugabarmu Sista Talatu ce, mace marar yawan magana. Direbanmu Baba Haladu, dattijo mai tsafta, wanda ya tuƙa tsohuwar motar asibitin har ta mutu a hannunsa, a faɗarsa, bayan doguwar jinya. Aka maye gurbinta da wata tokumbo, wato kwancen Turai, irin motocin da suka fara shigowa lokacin, waɗanda ba su da kafireta. Baba Haladu yana kiranta Baƙuwa, yana kuma kula da ita fiye da yadda yake kula da ƙafarsa mai ciwo.

Ranar za mu ƙauyen Turawa yin rigakafin ƙyanda. Sai da mai gari da liman suka yi ta bi gida gida kafin iyaye su yarda su kawo yaransu, kuma an sa musu rana. Ga wanda bai sani ba, maganin rigakafi ba ya son zafi. Ana jera shi a babban akwatin sanyi, a kewaye shi da robobin ƙanƙara. Idan ƙanƙarar ta narke, akwatin ya ɗumama, maganin ya tashi daga aiki, sai zubarwa. A tsakiyar bazara muke, kuma ƙanƙarar da muka samu ba ta kai yadda ake so ba, saboda an kwana babu wuta.

Da sassafe, ina ɗaukar kaya zuwa mota, na ga Baba Haladu ya buɗe gaban Baƙuwa. Ya ɓalle wani baƙin akwatin roba, ya ciro wani abu mai kama da takarda da aka ninninke, ya karkaɗe shi a gwiwarsa, sannan ya ɗauko kwalba da aka toshe da totuwar masara, ya tsiyaya masa abin da ke ciki, ya shafe kowane lungu da yatsa, da bisimilla. Na lura kwalbar irin ta madafin gidanmu ce. Na wuce da kayana. A lokacin ban cika cewa komai ba.

Mun bar gari ba da nisa sosai ba motar ta fara shessheƙa. Baba ya taka, ta ƙi ɗauka. Baƙin hayaƙi ya biyo mu. Ta yi tari, ta mutu a gefen wata gona.

"Baba, lafiya?" in ji Sista.

"Lafiya lau, ranki ya daɗe. Hutawa take."

Ya tayar, ta tashi, ta sake mutuwa. Ya buɗe gaba ya tsaya yana kallon injin kamar mai karanta wasiƙa da wani yare. Muka sauke akwatin ni da Sista, muka kai shi gindin wata ɗorawa, ta jiƙa zane ta lulluɓe shi. Akwatin ya fi ƙarfin babur, kuma buɗe shi a raba kaya sakin sanyin ne gaba ɗaya. Saboda haka da wani ɗan acaɓa ya zo wucewa, aikensa aka yi ya ɗauko wani makanike ɗan Rogo Sabon Gari, Sama'ila, wanda aka ce yana ƙauyen gaba yana gyaran injin niƙa, kuma ya yi zaman gareji a Kano.

Sama'ila ya iso, suka gaisa da Baba tun daga gajiya har iyali har zafi, Sista na tsaye tana duban rana. Ya duba fulogi, ya duba mai, ya jijjiga wayoyi. Bai ga komai ba. Ni ina gefe da magana a bakina, amma faɗinta kamar kai ƙarar dattijo ne a gaban shugabarsa. Da na ga Sama'ila ya fara maganar a jawo motar zuwa gari, sai na matsa na ɗora yatsa a kan baƙin akwatin robar da Baba ya buɗe da safe. Ban ɗago kai ba.

Sama'ila ya ɓalle murfin. Ya sunkuya, ya shaƙa, ya miƙe.

"Baba, wa ke suyar ƙosai a nan?"

"Man gyaɗa ne," in ji Baba Haladu. "Na Rogo, ba gauraye. Baƙin mai ya yanke mini."

"Me ya kai shi matatar iska?"

"Yaro, tun ba a haife ka ba nake sa wa matata mai. Shi ke kama ƙura. Tsohuwar har kwano gare ta na mai a ƙarƙashin matatar."

"Gaskiya ne, Baba. Waccan da mai aka yi ta. Wannan ta takarda ce, a bushe take aiki."

Sai ya kwance wani ɗan bututu da ke bayan matatar, ya zare wayarsa, ya ɗaga shi ga haske. Ya ce sunansa iyafulo, wato ma'aunin iska. A cikinsa akwai wata 'yar waya da ba ta kai kaurin gashi ba. Ita ke auna iskar da inji ke shaƙa, ta gaya wa motar yawan fetur ɗin da za ta saki. Yanzu mai ya lulluɓe ta, ƙura ta manne, tana ba da labarin ƙarya.

Baba ya ciro ƙyallensa. "Kawo in goge."

"Ka taɓa ta, ta tsinke, sai Kano. Wanke ta ake yi daga nesa, da wani ruwa na gwangwani mai bushewa nan take. Ba ni da shi."

Sista Talatu ta buɗe jakar aiki, ta fito da kwalbar sifirit ɗin da muke goge fata da shi. Sama'ila ya shinshina, ya ɗiga a bayan hannunsa, ya ga ya bushe. Ya ce wannan zai yi, in akwai abin fesawa. Ta ɓare sabon sirinji. Ya dubi hannayensa da suka yi baƙi da man injin niƙa, ya dubi na Baba da ke ƙyalli da man gyaɗa. Sista kuma ta koma wajen akwatinta tana ƙara wa zanen ruwa.

"Rabi," ta ce da ni daga can, "zuƙi sifirit ki yi masa. Kada bakin allurar ya taɓa."

Sama'ila ya riƙe bututun, na durƙusa. Na saita bakin allurar. Baba Haladu ya tsuguna kusa da ni ya ce a hankali, "'Yata, bi ta a sannu. Ba ta saba ba." Na dafa gwiwar hannuna a cinyata, na danna. Ruwan ya fita siriri, ya sauka a kan wayar, ya gangaro rawaya. Na sake zuƙa, na sake, har ya koma fita fari.

Sai jiran bushewa. Baba ya tara baki zai hura, Sama'ila ya janye. Ya cire hula zai yi fifita, Sama'ila ya ce iskar Allah ta isa. Sista ta zura hannu ta ciro robar ƙanƙara guda, ta rufe akwatin da sauri, ta girgiza ta a kunnenta. Daga inda nake na ji ƙarar ruwa, da ɗan ƙwas ƙwas na abin da ya rage.

"Malam Sama'ila, saura nawa?"

"In na mayar da ita da danshi, Hajiya, ni da ke duk mun yi asara."

Matatar kuwa ba ta gyaruwa. Ya cire ta, muka ninka bandeji mai tsafta aka ɗaure a bakin bututun da filasta, ya ce ta kai mu ta dawo da mu, amma kada a kwana ba a aika Kano an sayo sabuwa ba. Ya mayar da ma'aunin, ya maƙala wayarsa. Baba ya shiga ya murɗa. Baƙuwa ta yi tari guda, ta kama, ta zauna daram.

Mun isa Turawa rana ta take. Wasu matan sun gaji sun tafi, amma da aka ji ƙarar mota yara suka bazama kiran su. Sista ta sake girgiza roba a kunne, akwai sauran ƙanƙara. Ta haɗa magani, ta yi wa yaran farko, sannan ta miƙo mini sirinji ba tare da ta dube ni ba.

"Wannan ya fi waccan wayar kauri," ta ce, tana nuna dantsen wani yaro.

Na dafa gwiwar hannuna, na yi. Yaron ya yi kukansa, uwar ta ce sannu.

A hanyar dawowa babu wanda ya tayar da maganar man. Sai da muka shigo gari Baba Haladu ya ce, shi da sitiyari, "Ashe ba kowane mai rai ke son maiƙo ba." Sauran man ya kai gida, ya ce an yi miya da shi.

Tun daga ranar, duk wanda aka kawo mini, yaro ko babba, kafin in taɓa shi nakan tambaya: me aka ba shi a gida? Kuma nakan yi tambayar da murya ƙasa ƙasa, domin wanda ya ba shi ɗin yawanci yana nan tsaye a gefen gado, shi ya fi kowa son sa, kuma abin da ya bayar ya taɓa yi wa wani magani.