Shinkafar Bashira a Cikin Bahar

Duk wanda ya zauna a unguwar Mahjar ta Jidda ya san Bashira mai wanke-wanken biki. Iyayenta Hausawan Sudan ne, amma a Jidda ta yi wayo, a nan ta yi furfura a bakin tukwanen mutane. Mijinta Abdulghaffar masunci ne. Ya fita wata safiya, ruwa ya dawo da kwale-kwalen, bai dawo da shi ba. Babu gawa, babu kabari.

Ga ta kuma kullum a zauren biki tana kallon abin da ke ƙona mata rai: manyan tire na kabsa, shinkafar Larabawa da nama, a tsakuri naman sama, sauran a juye a shara. Mutane su dafa abin da unguwa guda ba za ta cinye ba don kawai a ce sun yi, ai wannan rashin tsoron Allah ne. Bashira ta ce ba da hannunta ba. Sai ta riƙa tara ragowar a bokitai, ranar Juma'a da safe ta hau mota zuwa wani lungun teku kudu da gari, inda ruwan yake kwance. Ta yi bisimilla ta juye, kifi ya ci, lada ya isa ga Abdulghaffar. Matan unguwar Kurayyat suka gani suka ɗauka, wannan don mahaifinta, waccan don ɗanta. Shekaru aka yi ana haka.

Wata Juma'a ta ɗaga bokiti ke nan, sai ga mutum ya ɓullo daga cikin ruwa, cikin kaya baƙi wuluk, da tulun iska a baya. Ta dire bokitin ta kama a'uzubillahi.

"Khala, tsaya. Don Allah kar ki zuba."

Da aka cire gilashin fuska, ashe Zakiya ce, 'yar Luba mai ɗinki ta unguwar Safa, da Hausarta mai nauyin Larabci, ko gwaggo ma Khala take cewa.

"Ke 'yar Luba? Uwarki ta ce kina jami'a, ashe kifi kika zama."

"Jami'ar ce ta turo mu, Khala. Murjani muke dasawa."

"Murjani na wuya? Dutse ake dasawa kamar tumatir?"

"Ba dutse ba ne. Yana da rai."

Zakiya ta zauna a kan yashi ta yi mata bayani. Murjani shi ne gidan kifi, a cikinsa ƙanana suke ɓuya su girma. Zafin ruwa ya kashe da yawa, shi ya sa suke yanko ƙananan rassa, su ɗaure a jikin ƙarfe a ƙarƙashin ruwa, su rene su. A wasu wuraren ya kama, a nan kuwa mutuwa yake ta yi. Da suka auna ruwan sai suka ga maiƙo da ruɓaɓɓen abinci. Sun zaci bututun ƙazanta ne, sun yi ta nema ba su gani ba.

Ta ciro wani reshe daga jakarta ta miƙa mata. Gansakuka ta lulluɓe shi, sai yauƙi da wari. A tsakanin rassan ga busasshen lemon tsami ya maƙale, irin wanda ake jefawa a kabsa. Bashira ta san lemon nan kamar tafin hannunta.

"Kifi ba ya cinyewa?"

"Kaɗan yake ci. Sauran ya ruɓe, gansakuka ta samu taki, ta shaƙe murjanin. In ya mutu, kifin ma sai ya tashi."

Bashira ta zauna daɓas. Ta kalli bokitin, ta kalli ruwan da ya haɗiye mijinta. Ita da ko kyanwa ba ta taɓa jifa ba, ashe duk Juma'a kisa take zuwa yi, har da bisimilla.

"To me nake aika wa Abdulghaffar duk shekarun nan?"

"Wannan ba ma iya auna shi, Khala. Allah ya san niyyarki."

Amsar ba ta kwantar mata da hankali ba. Masu almubazzarancin suna can suna barci da ƙoshi, ita da ta ji kunyar shara ita aka bari da nauyin.

Juma'ar da ta biyo ta riga kowa zuwa, ba bokiti, sai 'yar kujera. Mansura ta Kurayyat ta sauko daga mota da nata kayan.

"Halas, an gama, mayar da shi," in ji Bashira.

"Ikon Allah. Ba ke kika koya mana ba?"

"Ni na koya muku, ni zan hana ku. Mai kyau ki kai wa leburorin can na bakin gini, wanda aka jagwalgwala ki shanya wa masu awaki. Yalla, maza."

Sun yi ta zaginta a unguwa, wai jami'a ta saye ta. Ko a jikinta.

Daga baya Zakiya ta kawo mata wani ɗan reshe mai rai a cikin roba da ruwa. Bashira ta ɗaure shi a jikin ƙarfen, ta ambaci sunan mijinta, aka nutsa da shi. Ba ta iya iyo ba, ba ta sake ganinsa ba. Duk Juma'a dai tana kan kujerarta har Zakiya ta ɓullo.

"Yana nan?"

"Yana nan, Khala. Ya ƙara tsawon yatsa guda."