Kunkurun Kawu Sale

Duk wanda ya zauna layinmu a Gyaɗi-Gyaɗi ya san zauren Kawu Sale, ƙanin mahaifiyata, ya kuma san baƙon da ke ciki: injin mota a kan turmi, an lulluɓe shi da tsohuwar babbar riga. Kowace Juma'a in ya dawo masallaci sai ya yaye rigar, ya shafe shi da baƙin mai, ya juya shi da hannu sau uku. Gangar motar kuwa, kunkurun nan mai inji a baya, tana ƙofar gida bisa bulo, kaji na ƙwai a kujerar direba.

Ranar da soja suka kifar da farar hula ya sauke injin. Ya rantse gaban 'yan majalisarsa cewa motarsa ba za ta taka kwaltar soja ba, kuma ranar da suka koma bariki shi da kansa zai tuƙa ta har Daurawa ya gaida yayarsa, wato mahaifiyata.

Ta ce, "Sale, kai da kullum kake taka kwaltar da ƙafarka?"

Ya ce, "Yaya, ƙafata ba ta rantse ba."

Matarsa Inna Hauwa ma ta sha nata. In ta ce, "Malam, turmina fa?" sai ya ce, "Ki tambayi shugaban ƙasa."

Kai, shekara goma sha biyar ana haka! Da aka sa ranar miƙa mulki, aka duba giyabos ɗin motar, wato akwatin giyarta, ashe tsatsa ta gama da shi. Kawu ya ce sabo na marasa haƙuri ne, ya je ya kwanto na wata matacciyar bas a Ƙauyen Alu. Garba bakanike ya duba ya ce, "Baba, wannan na bas ne, haƙorinsa a juye yake. Sai an buɗe an gyara masa zama."

"Ni na koya wa ubanka riƙon sifana. Ɗaura!"

Garba ya ɗaura, ya mayar da injin cikin mota.

Ran miƙa mulki unguwa ta cika, rediyo na ta surutu. Kawu ya zauna a sitiyari, ni ina gefensa. Injin ya yi tari ya tashi, mata suka rangaɗa guɗa. Ya sa lamba ɗaya, sai mota ta yi baya ta kwashe bencin mai shayi. Ya sa ta biyu, ta ƙara gudu, baya dai!

Garba ya biyo mu yana haki. "Baba, na faɗa maka! Huɗu baya, ɗaya gaba. Ribas ce kaɗai za ta kai ka gaba. A bari sai gobe."

Kawu ya gyara hula. "Yau na ce. Kuma kada wanda ya yi wa motata dariya sai ya ga tafiyar sabuwar gwamnatin."

Ya sa ribas, muka kama hanya muna rarrafe. Mai tura ruwa ya wuce mu, Kawu ya ɗaga masa hannu kamar gwamna. Ni kuwa kunya ta sa na nutse a kujera. Da hantsi muka tashi, ana kiran azahar muka isa.

Mahaifiyata ta yi wata biyu ba ta fita ko zaure ba saboda ciwo, amma ta ce a riƙo ta. Ta shafa ƙarfen motar mai zafi ta ce, "Sale, ka makara."

"Yaya, su ne suka makara."

Ta yi dariya har da hawaye, shi ma ya juya kai yana goge ido da hannun riga. Sai a lokacin na gane abin da ya hana shi jiran gobe. A daminar shekarar ta rasu, shi kuma ya bi ta bayan shekara biyu, kuma har yau ina kewarsu.

Allah Ya jiƙan Kawu Sale da yayarsa, Ya haskaka makwancinsu, Ya sada su a Aljanna ba tare da dogon jira ba. Amin.