Ranar da na tsayar da Yaya a zaure

Da korona ta kwantar da ni a Tasawa, yayana Malam Idi ya taso tun daga Attantane domin dubiya. Ya haura saba'in, ga ciwon suga, ga hawan jini. Na sa aka tsayar da shi a zaure.

Ya ɗaga murya: "Sani, ni da na rene ka, yau ni ne baƙo?"

Na amsa daga ɗaki: "Yaya, lokotoron asibiti ya ce irinku cutar ta fi kayarwa. Gara ka yi fushi kana raye."

Ya juya ko ruwa bai sha ba. Alhamdu lillahi na warke, shi bai kamu ba. Jiya akushi ɗaya muka ci, yana ta yi mini gori.

Ina roƙon jama'a, a taimaka a bar dattawa masu larura su yi dubiyarsu ta waya.