Ƙararrawar Kawu Rangacan

Duk wanda ya tashi a bakin tafkin Kaptai ya san ƙararrawar Kawu Rangacan kafin ya san fuskarsa. Ƙanen mahaifiyata ne, siririn tsoho mai taurin kan tsiya, sana'arsa gyaran laima. Kowace shekara, ana saura kwana uku bikin Biju, bikinmu na sabuwar shekara, sai ya ɗaure shinkafa da busasshen kifi a bayan kekensa ya kama hanya. Ya ratsa gonakin abarba da na ayaba, ya gangara fadamun da ruwa ya janye aka dasa shinkafa, inda hanya ta ƙare ya ɗora keken a kwalekwale. Kowane tsibiri sai ya sauka ya zagaye shi yana kaɗa ƙararrawar keken. Ba saye ba sayarwa, ba ya kuma shiga gidan kowa.

In ya dawo yakan yada zango a rumfar shayina, masu kwalekwale su yi masa caa.

"Tsoho, an samo amaryar kuwa?"

"An samo. Ta hango fuskokinku ta fasa."

A yi ta dariya. Ni kam ba na yi, don na san wadda yake nema.

Tsibiran nan duk kawunan tuddai ne, tsohon ƙauyenmu na can ƙarƙashin ruwa. Shekarar da aka datse kogi Kawu yana ɗan sha biyar. Ruwan bai zo da gudu ba, yau taku ɗaya gobe taku ɗaya, shi ya sa aka raina shi. Manya suka kora shanu kan tudu, aka bar masa jigilar kaya da keken babansa. Kakarsa makauniya ta ce ba inda za ta sai an fara kwashe irin shinkafa. Ya zaunar da ita kan dutsen bakin ƙofa ya ce, "Kaka, kada ki motsa sai kin ji ƙararrawa."

Yana haurawa aka tsuge da ruwan sama, gadar gorar da ya bi ta tafi. Sai bayan kwana biyu ya samu kwalekwale. Rufin gidan kaɗai ya tarar a waje, ba ita, ba gawarta. Wasu suka ce an ga wata tsohuwa cikin ayarin masu ƙaura Indiya, wasu suka ce ta lallaɓa ta hau wani tudu.

Wata rana haushi ya kama ni na ce, "Haba Kawu! Ko tana raye ai ta haura ɗari da talatin."

"Na sani, ni ba mahaukaci ba ne," ya ce. "Amma ni na ce ta jira. Kakata ba ta saɓa magana."

Bara idanunsa suka mutu. Ana saura kwana uku Biju na kai masa abinci, na same shi zaune a bakin ƙofa, ƙunshin shinkafa a cinya, keke jingine da bango.

"Kin san abin da ban gane ba sai yanzu?" ya ce. "Makaho ba ya ganin ruwa na zuwa, sai ya taɓa ƙafarsa. To ko ya taɓa, ina zai nufa?"

Na ajiye abincin, na kama keken. Ban iya keke ba, ga ciwon gwiwa, amma na tura shi har bakin ruwa. Tafkin ya yi luf, tsibirai jere cikin hazo. Na kaɗa ƙararrawar sau ɗaya, ina jin kunyar kaina.

Daga bayana Kawu ya ɗaga murya.

"Ƙara ƙarfi, 'yar nan. Kunnenta ɗaya ba ya ji."