Fararen Kajin Inna

Shekarar da na fara koyar da kimiyya a ƙaramar sakandare a Isa, ji nake babu abin da ya fi ƙarfin kaina. Na dawo daga kwaleji da takarda, biro biyu a aljihu, ga bakin gyara wa kowa zance. Ko innata ba ta tsira ba. Ita kuwa ta laƙaba mini "Malam", tana jan kalmar yadda kowa zai gane ba girmamawa ba ce.

Inna tana da fararen kaji da ta gada daga mahaifiyarta. A kwando aka tsallako da kakanninsu daga wani ƙauye na Nijar, tun ranar da aka kawo ta gidan babanmu. Ciwon kaji ya yi ta rage su, har saura tsohuwa ɗaya mai ɗingishi. Da ta ƙyanƙyashe a farkon rani, 'yan tsaki goma sha biyu suka fito: biyar farare, bakwai wake-wake irin zakaran maƙwabta. Al'adar Inna, kwana biyu da ƙyanƙyasa sai ta jiƙa jar galura, irin ta rina kabar tabarma, ta shafe su duka. Shirwa in ta hango ja daga sama, ba ta ɗaukarsa abinci.

A makon nan ne darasi ya kawo mu kan yadda 'ya'yan uwa ɗaya ke bambanta, da yadda muhalli ke tace su, wanda kamarsa ta dace da wurin ya tsira ya haihu, irinsa ya yawaita. Littafin ya kawo misali da wasu ƙwari a jikin itatuwan ƙasar Turawa. Yara suka zuba mini ido kamar ina karanta musu takardar magani. Da na dawo gida na tarar da Inna tana dama galura a kasko, sai dabara ta faɗo mini.

Na ce, "Inna, ki bar waɗanga ba rini, mako huɗu kawai. Ɗalibaina za su gani da idonsu waɗanda shirwa ka zaɓe."

Ta ce, "Mi za su gani? Hwarare taka ɗauka. Tambaye ni in gaya ma kyauta."

"Ai sai an gwada, Inna. Haka kimiyya take."

"Malam, wagga kaza ta tsuhwa. Ban san ko za ta ƙara kwanci ba. Na innata na."

Na rantse za ni sa ido. Na yi ta zuba bayani har ta gaji, ta tuttule galurar a gindin darbejiya. Ni kuwa na ɗauka hujjata ce ta ci.

Sa idon nawa bai wuce na bayan la'asar ba, shirwa kuwa da hantsi take aikinta, lokacin ina aji ina zana ta a allo. Wake-waken in suka lafe a cikin karmami, ko ni sai na taka kusa nake ganinsu. Fararen kuwa kamar an watsa auduga a tsakar gida. Makon farko biyu suka tafi. Abin kunya ne, amma gaskiya daɗi na ji. Na shiga aji ina taƙama, yara suka rubuta: farare uku, wake-wake bakwai. Har wata yarinya ta ce, ke nan in aka ci gaba a haka, wata rana duk kajin Isa wake-wake za su zama. Na sa aka tafa mata.

Inna ta bar surfe ta koma gadi da zani a hannu, tana korar inuwar shirwa. Amma mutum ɗaya ba ya tsare sama. Ranar da na farga na ce a dama galura, saura ɗaya, ita ma kafin in dawo daga shago an sure ta a bakin rijiya. Da na sani ƙeya ce. Tsohuwar kazar ba ta sake ƙwai ba, kafin damina ta mutu.

Ranar kasuwar Sabon Birni na hau kabu-kabu, na zaɓo farar kaza tas, na kawo ina murmushin neman sulhu. Inna ta juya ta, ta duba ƙafafu, ta miƙo mini.

"Hwara ta, amma ba tamu ba ta." Sai ta tambaye ni, "Ɗiyan naka sun gane karatun?"

Na ce sun gane.

"To madalla. Hwararen ba su tahi banza ba."

Da zagina ta yi, da ya fi mini sauƙi. Na ce mata littafi ya nuna farin yana iya ɓuya a jikin wake-waken nan bakwai, ya ɓullo a jikoki. Ta ce Allah shi sa, ba tare da ta ɗago kai daga tsintar wake ba.

Shekara huɗu ke nan. Duk kazar da ta ƙyanƙyashe a gidanmu, ni nake fara durƙusawa a bakin akurki, in ɗaga fiffikenta tana saran hannuna. Har yau fari bai fito ba.